Yini Ɗaya a Tsibirin Kanumfari

Wadda ke tsakar gida tana tankaɗe, da wadda ke ɗaki tana lallashin yaro, kowa ta ɗan jawo rediyonta kusa. Yau tafiya za mu yi mai nisa, kuma babu wadda za ta nemi izinin fita, tunda kunne ne zai yi tafiyar.

Uwargida, idan kin buɗe gwangwanin kayan ƙamshinki za ki ga kanumfari, wanda kike jefawa a kunu da zoɓo da yajin mai jego. To yau wurin da ya yi suna da shi za mu, wato Zanzibar, a gabashin Afirka, cikin tekun Indiya. Amma ba zuwan wanda zai sauka ya yi mako yana hutawa za mu yi ba. Zuwan fasinjan jirgin ruwa za mu yi, wanda aka ba shi daga hantsi zuwa la'asar kawai, aka ce masa in ya makara a tafi a bar shi.

Bari in fara da jirgin. Akwai wani irin jirgin ruwa da ba kaya yake ɗauka ba, ba kuma don isa wani gari ake shigarsa ba. Shi kansa jirgin shi ne masaukin. Otal ne sukutum a kan ruwa, hawa kan hawa, da ɗakunan kwana da wuraren cin abinci da kantuna da ɗan asibiti. Mutum ya biya kuɗin mako ɗaya ko biyu, kwana da abinci duk a ciki. Da dare jirgi yana tafiya, gari na wayewa sai a ga an iso wata ƙasa. A sauka a yini, da yamma a koma, a kwana ana tafiya, gobe kuma wata ƙasar. Ɗaya daga cikin mafiya girmansu, mai suna Icon of the Seas, wanda ya fara aiki a 2024, tsawonsa mita 365, kuma yana iya ɗaukar fasinja 7,600, ban da ma'aikata. Wannan ai gari ne guda. Shi dai can yankin Amurka yake yawonsa. Waɗanda ke biyowa ta gabashin Afirka ba su kai shi ba, daga mai ɗaukar 'yan ɗaruruwa sai mai dubu biyu ko uku. Sukan taso daga Afirka ta Kudu, su taɓa Madagaska, su tsaya Zanzibar da Mombasa, wasu su wuce tsibiran Seshel.

Ita Zanzibar manyan tsibiranta biyu ne, Unguja da Pemba, sai 'yan ƙanana a kewaye. Wanda jirgi ke tsayawa shi ne Unguja. Tsawonsa kamar kilomita 85, faɗinsa kamar 30, wato tsawon nasa bai wuce kusan rabin tafiyar Kano zuwa Zariya ba. A ƙidayar 2022 mutanen tsibiran duka sun kusa miliyan 1.9, kuma kusan dukansu Musulmi ne, harshensu Suwahili. Tun watan Afrilu na 1964 suka haɗe da Tanganyika aka sami ƙasar Tanzaniya, amma suna da tasu gwamnatin ta cikin gida. Samia Suluhu Hassan, macen farko da ta shugabanci Tanzaniya, wadda ta hau a 2021, 'yar Zanzibar ce.

To, mu ɗauka gari ya waye, jirginmu ya iso. Abin da za ki fara gani daga nesa shi ne fararen benaye a jere bakin ruwa, da hasumiyoyi, da jiragen katako masu filafilan ƙyalle suna dawowa daga kamun kifi. Babban jirgi sau da yawa ba ya matsawa gaɓa. Can cikin ruwa mai zurfi yake sakin anga ya tsaya, sai a sauko da ƙananan jirage masu rufi da ke rataye a gefensa, su riƙa jigilar mutane, kowanne ya kwashi ɗari da wani abu. Waɗannan ƙananan su ne kuma na ceto in wani abu ya faru, Allah Ya kiyaye. A nan ake fara cin lokacinki, don layi ake bi, kuma waɗanda suka sayi yawon da kamfanin jirgin ya shirya su ake fara saukewa. In teku ta tashi da igiyar ruwa ƙwarai, kyaftin yana iya cewa yau ba mai sauka, a yi ta kallon garin daga nesa har a wuce. Ba kuma wanda zai ja da shi.

A bakin ƙofa kowa yana da kati mai sunansa. In za ki fita a goga shi a na'ura, in kin dawo a sake gogawa. Da haka suke sanin wa ke ciki, wa ke waje. Kuma a nan bakin ƙofar ake kafa allo a rubuta lokacin da ƙaramin jirgi na ƙarshe zai bar gaɓa. Wannan allon, 'yan uwa, ya fi duk abin da za ki gani a ranar muhimmanci. Wadda ta fita cikin ayarin da kamfanin ya shirya, in motarsu ta makara jirgi zai jira su, don su ne suka ɗauki nauyinta. Wadda kuwa ta fita da iyalinta suka nemi tasi da kansu, in sun makara ba a jiransu. Za a yi ta kiran suna a lasifika, in shiru, a miƙa wa wakilin kamfanin da ke tashar fasfonsu in yana hannun jirgin, a ɗaga anga. Ya rage nasu su nemi masauki, su sayi tikitin jirgin sama da kuɗinsu su tari jirgin a ƙasa ta gaba, alhali tufafi da magunguna duk suna can cikin ɗaki sun yi gaba. Shi ya sa ake so kafin ki sauka ki rubuta lambar wayar wannan wakili, wadda ke cikin takardar da ake rabawa kowace rana, ki kuma riƙe maganin da kike sha kullum a jakarki.

Yanzu ga inda Zanzibar ta bambanta da sauran wurare a kan maganar lokaci, ku saurara da kyau. Da farko agogonsu yana gaban namu na Nijeriya da Nijar da awa biyu. Wannan mai sauƙi ne. Na biyun shi ne mai rikitarwa. Masu jin Suwahili ba daga tsakar dare suke fara ƙirga awoyi ba, daga fitowar rana suke farawa. Abin da mu muke kira ƙarfe bakwai na safe, su ƙarfe ɗaya suke ce masa, don awa ɗaya ke nan da wayewar gari. Sha biyun rana ƙarfe shida ne a bakinsu. Ƙarfe huɗu na yamma kuwa ƙarfe goma ne. In kin duba, lissafin nasu yana da ma'ana, tunda suna kusa da tsakiyar duniya, rana ba ta cika sauya lokacin fitowarta ba duk shekara. Amma ki duba abin da zai faru in kin ɗaga wa direba yatsu huɗu kina nufin huɗun la'asar, shi kuwa a ransa ƙarfe huɗu goman safe ne. Waɗanda suka saba da baƙi sun san duka biyun, sai dai kada ki dogara da haka. Dabarar ita ce ki nuna masa a fuskar agogo, ki kuma haɗa da salla, ki ce kafin la'asar. Kalmar la'asar da azahar da magariba duk suna da su, alasiri da adhuhuri da magharibi, ba zai ɓata ba.

Mun taka ƙasa. Tun kafin ki daidaita mayafinki za a yanyame ki, wannan ya ce tasi, wannan ya ce gonar kayan ƙamshi, wancan ya ce kunkuru. 'Yan garin suna kiran irin waɗannan masu bin baƙi papasi, wato kaska, kin ji suna. Ni dai ba na ganin laifinsu sosai. Mutum ne ya ga abincin 'ya'yansa na mako ya sauko daga jirgi, ya kuma san ƙarfe biyar zai tafi. Ki gaishe shi da fara'a, ki ce asante, wato na gode, ki wuce. In ɗan jagora kuke so, ku nemi mai katin shaida na hukuma, ku gama ciniki tun kafin a ɗaga ƙafa.

Kuskuren da baƙi suka fi yi shi ne son ganin komai. Awa bakwai ko takwas ne a hannunki, an ci ɗaya a layin sauka, za a ci ɗaya a komawa. Mai son ya ga gari, ya ga gona, ya ga kunkuru, ya kuma je bakin teku na gabas, a mota zai ƙare yininsa yana duban agogo. In ni za a tambaya, tsohon gari da safe, abu ɗaya kuma bayan azahar, shi ke nan.

Tsohon garin suna ce masa Mji Mkongwe, Turawa kuma suna kiransa garin dutse, don da dutsen murjani da farar ƙasa aka gina shi. A shekarar 2000 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Wadda ta san lungunan cikin birnin Kano ko Zazzau ko Damagaram ba za ta ji baƙunta ba. Lungu ne siriri, mota ba ta shiga, sai keke da babur, benaye sun yi masa inuwa ta kowane gefe. A ƙofar gidaje akwai dakali, su baraza suke ce masa, inda maza ke zama ana shan gahawa, kuma a nan ake tarar baƙo namiji ba sai ya shiga cikin gida ba, aikin da zaure yake yi a wurinmu. In za a shiga gida a tsaya a ce hodi, sai an ce karibu. Yaro in ya ga babba ya ce shikamoo, babba ya amsa marahaba. Ƙofofin kuwa abin kallo ne, katako mai kauri an sassaƙa masa furanni da sarƙa, wasu da ayoyi a samansu, wasu da manyan ƙusoshin tagulla irin na Indiya. A da, da ƙofa ake gane arzikin mai gida da asalinsa.

Ki ɗaga kai sama kuma. A wasu lungunan za ki ga gada mai rufi ta haɗa bene da bene. Sunanta wikio. An yi ta ne don matan gida su ƙetara wurin 'yan uwa ba tare da sun taka titi an gan su ba. Ashe kulle ba a kanmu aka fara ba, su ma matan manyan gidajen Zanzibar sun yi shi, sai dai magina sun sama musu hanya ta sama.

Cikin irin waɗannan gidaje aka haifi Sayyida Salme a 1844, 'yar Sarki Sayyid Sa'id, Balaraben Oman da ya mai da fadarsa Zanzibar wajen 1840. A zamaninta ana koya wa 'ya'ya mata na sarauta karatu, amma ba a koya musu rubutu. Sai ta riƙa ɓuya tana kwaikwayon haruffan Alƙur'ani a kan ƙashin kafaɗar raƙumi, wanda shi ne allonsu, har hannunta ya faɗa. Rayuwarta daga baya ba ta yi daɗi ba. A 1866 ta gudu ta bi wani ɗan kasuwa Bajamushe, ta bar addininta ta aure shi, a 1870 ya mutu a haɗari ya bar ta da ƙananan yara uku a ƙasar sanyi, danginta kuma ba su sake karɓarta ba. A Jamus ta rasu a 1924. Amma littafin da ta fitar a 1886 kan rayuwarta, shi ne har yau ake komawa gare shi in ana son sanin yadda matan fadar suka zauna, me suka ci, me suka sa, yaya kishi yake a tsakaninsu. Maza da yawa sun rubuta tarihin Zanzibar, amma ba wanda ya taɓa shiga cikin gidan.

A bakin ruwa akwai tsohuwar ganuwa da Omanawa suka gina bayan sun kori Turawan Fotugal a 1698. Kusa da ita ga Baitul Aja'ib, gidan mamaki, wanda Sarki Bargash ya gina a 1883, gini na farko a tsibirin da ya sami wutar lantarki da na'urar hawa bene. Wani sashensa ya rushe a watan Disamba na 2020 ana cikin gyara. A nan gabansa aka yi yaƙin da ake cewa ya fi kowanne gajarta a tarihi, ranar 27 ga Agusta 1896, lokacin da jiragen yaƙin Ingila suka yi wa fada ruwan wuta. Bai kai minti 45 ba aka gama.

Akwai wuri ɗaya da ba na so a tsallake, ko da yake ba na nishaɗi ba ne, wato inda kasuwar bayi take a da. Daga can cikin nahiya, wajen tafkin Malawi da gabashin Kwango, ake koro mutane a ƙasa har bakin teku, a loda su a jiragen katako a kawo nan a sayar. Wasu a wuce da su ƙasashen Larabawa, da yawa kuma a tura su gonakin kanumfari na tsibirin. A 1873 aka rufe kasuwar bayan Ingila ta matsa wa Sarki Bargash, aka gina coci a wurin, ita kuma bautar kanta sai 1897 doka ta fara soke ta. Yau akwai ɗakin tarihi a wurin, da gumakan mutane biyar a cikin rami da sarƙa a wuya. Arzikin da ya sassaƙa waɗancan ƙofofi masu kyau, da yawansa daga nan ya fito, daga nan da hauren giwa. Gara mutum ya ga duka biyun a rana ɗaya.

Daga nan sai kasuwar Darajani, wadda aka gina a 1904. Gefen kifi akwai ƙarni, in ba ki jure ba ki bi ta gefen kayan ƙamshi da 'ya'yan itace. A nan za ki sha mamakin harshe. Tambayi kuɗin abu, ki ce bei gani, sai ki ji an ce ishirini, thelathini, arobaini, hamsini, sitini. Ai ba sai an yi miki tafinta ba. Mu da su duk wurin Larabci muka aro. Sabulu sabuni ne, labari habari, Alhamis Alhamisi, kanumfari kuma karafuu. Kuɗinsu shilin ne na Tanzaniya, gara a canza kaɗan a riƙe ƙananan takardu. Kada ki zo da leda, tun watan Yuni na 2019 aka hana ta a duk ƙasar, ki riƙo jakar ƙyalle.

Abin da za ki saya wa mutanen gida bai wuce kanga ba, wani zane mai sauƙi da ake sayarwa falle biyu a haɗe, ɗaya a ɗaura ɗaya a yafa. Da shi suke goyo, da shi suke zuwa biki da gidan rasuwa. Kowace kanga akwai magana da aka buga a gefenta da Suwahili. Wata addu'a ce, wata godiya ga uwa, wata kalmar ƙauna, wata kuwa habaici ne tsagwaronsa. Mace takan ɗaura ta wuce ta gaban maƙwabciya ko kishiya, ba ta ce uffan ba, amma saƙo ya isa. Don Allah kafin ki biya ki sa a fassara miki. Kada ki ga launi ya yi kyau ki kai wa surukarki tsaraba, ashe an rubuta a bar sa ido a kan abin mutane.

In yunwa ta taso, ki duba matan da ke zaune gaban tanda. Ba ƙarya na yi ba, tanda ce mai ramuka irin tamu. Abin da suke toyawa sunansa vitumbua, ƙullun shinkafa ne kamar na waina, sai dai da madarar kwakwa suke dama shi, su sa sukari da ɗan ƙamshin nan da ake sa wa gahawa a Saudiyya, wanda Larabawa ke ce wa hel. Ki ci da zafinsa. Akwai ruwan rake da ake matsewa a gabanki da citta da lemon tsami, akwai dafa-dukar shinkafa mai kayan ƙamshi da suke kira pilau. Abincin gari na halal ne. Abin kiyayewa kawai shi ne ruwa da ƙanƙara da abin da ya daɗe a buɗe, don gudawa a cikin jirgi ba ƙaramar fitina ba ce, har killace mutum ake yi a ɗakinsa.

Azahar ta yi. Masallatai suna ko'ina, amma ba kowanne ke da sashen mata ba, sai a tambaya. Ga wani abu kuma, mu mun saba cewa mu fuskanci gabas. A Zanzibar alƙibla arewa take, kusan sak, don Makka tana samansu ne. Yawancinsu mazhabar Shafi'i suke bi, in kin ga ɗan bambanci a sallarsu kada ki yi mamaki. In ranar ta faɗo Juma'a, kantuna da yawa za su rufe da tsakar rana, ki gama sayayya da wuri. Maganar sutura kuwa ke ba ki da matsala, hijabinki da doguwar rigarki su ne kayan gari. Masu matsalar su ne baƙin da ke saukowa da kayan wanka su shiga lungun mutane, har a 2021 gwamnatin Zanzibar ta sanar da tara a kan haka. Kada kuma ki ɗauki hoton mace ko yaro sai kin nemi izini. Ke ma ba za ki so baƙo ya leƙo zaurenki da kyamara ba.

Bayan salla sai zaɓi. Mai yara ta tafi Changuu, ɗan tsibirin da tsawonsa bai wuce mita 800 ba, tafiyar kamar rabin awa a kwalekwale mai inji. An gina kurkuku a kansa a 1893, ba a taɓa kulle fursuna a ciki ba, sai aka mai da shi wurin killace masu cuta da ke zuwa ta jiragen ruwa. Abin kallon wurin manyan kunkuraye ne, waɗanda asalinsu guda 4 ne da gwamnan Seshel ya aiko kyauta a 1919. Wani ya fi turmi girma nesa ba kusa ba, wasu sun haura shekara 100. Sai dai ki tuna ruwa biyu ne yanzu tsakaninki da jirginki. Ku tabbata akwai rigar ceto ga kowa, kada kuma a biya mai kwalekwale duka kuɗinsa sai ya dawo da ku.

Ni dai gonar kayan ƙamshi zan zaɓa wa uwargida, wajen Kizimbani ko Kidichi, kamar rabin awa a mota. Shekara nawa kina dakan abin nan ba ki taɓa ganin uwarsa ba? Kanumfari ashe fure ne da bai buɗe ba. Itacen dogo ne, ana hawa a tsinko tohon lokacin da ya fara ja, a shanya a tabarma kwana huɗu ko biyar har ya yi duhu. Asalinsa daga tsibiran Indunusiya ne, a farkon ƙarni na 19 aka kawo shi nan, Sayyid Sa'id ya matsa a shuka. A 1872 guguwa ta kwantar da yawancin itatuwan Unguja, Pemba ta tsira, shi ya sa har yau mafi yawan kanumfarin daga Pemba yake fitowa. Kirfa ɓawon itace ce, a ɓare a shanya ta naɗe kanta. Gyaɗar ƙamshi ƙwallon wani ɗan itace ne, in ya nuna sai ya tsage, ki ga ƙwallon sanye da jar raga, ita ma ragar kayan ƙamshi ce. Baƙin masoro kuwa yaɗo yake yi ya hau wani itacen. Matan wurin suna da nasu gyaran amarya da ake kira singo, kanumfari da furanni da sandal ake niƙawa a murje jiki, 'yar uwar dilka ke nan. Turaren wutarsu kuma udi. In an ce za a yi miki lalle, ki nemi ja. Baƙin nan da ake haɗawa da rinin gashi yana ƙona fatar wasu, kun dai sani.

Akwai waɗanda fasinjan jirgi ba ya cika gani, don suna can gabashin tsibirin, Paje da Jambiani, fiye da awa guda a mota. Matan da ke noman ciyawar teku ke nan, mwani a harshensu, sana'ar da ta kafu tun 1989. Sau biyu a yini teku takan janye ta bar fili. Sai su shiga da zannuwansu, ruwa iya gwiwa, su kafa turaku su ɗaura igiya, su ɗaɗɗaure 'yan rassan ciyawar. Bayan kamar mako shida su girbe, su shanya, a saya a fitar waje, a ciro wani abu mai kauri da ake sa wa man goge baki da askirim. Da wannan kuɗi mata da yawa suka sa yara a makaranta suka yi wa ɗaki rufin kwano. Aikin akwai wuya, gishiri yana cin ido da fata, farashi ba ya da yawa, ga shi ruwan ya ƙara ɗumi, irin da ya fi tsada yana mutuwa a kusa da gaɓa. Wasu sun haɗa ƙungiya suna sarrafa ta da kansu, suna yin sabulu da man shafawa.

Na kawo su ne saboda maganar kuɗi. In kin ga mutum dubu biyu sun sauko gari ɗaya, sai ki ce yau kakar 'yan kasuwa ta yanke saƙa. Ba haka abin yake ba. Fasinja ya riga ya biya abincinsa a jirgi, don haka da yawa ko ruwa ba sa saye, da rana su koma su ci su kwanta. Yawon da aka sayar masa a cikin jirgi, kamfanin ya cire rabonsa kafin saura ya iso ga direba da ɗan jagora. Kayan tsarabar da ke manyan kantunan bakin hanya kuma, ba kaɗan ba daga wata ƙasa aka shigo da su. Abin da gari ke samu tabbas shi ne cunkoso. Mu da muke sana'a a cikin gida, muna dakan yaji muna saƙa hula muna ba yara su kai, mun san bambancin wanda ya saya a hannunki da wanda ya saya a hannun dillali na uku. Saboda haka in Allah Ya kai ki, sabulun mwani ki neme shi a shagon ƙungiyar matan, tabarma da kwando a hannun mai saƙa, waina a gaban tanda. A yi ciniki, al'adarsu ce kamar tamu, amma wadda ta iya biyan kuɗin jirgin nan bai kamata ta tsaya tana ja-in-ja da mai vitumbua a kan canjin da bai kai kuɗin ashana ba. Abin da ba za ki saya ba ko an yi miki araha shi ne ƙoƙon bayan kunkurun teku da murjani da manyan katantanwar ruwa, doka ta hana, kuma ana iya ƙwacewa.

La'asar ta gabato. Ki ba kanki awa guda cur ta rara, don hanyar shiga gari takan cushe da yamma, lungunan nan kuma ɓatar da mutum suke yi, kowanne kamar ɗan uwansa. In kin rikice kada ki yi ta zagaye, ki ce wa kowa Forodhani, za a nuna miki bakin ruwa. A tashar za ki tarar da ma'aikatan jirgi da ruwan sanyi, a duba jakarki, a goga katinki.

Shi wannan Forodhani lambu ne a bakin teku, gaban tsohuwar ganuwa. Da rana ba kowa sai masu hutawa a inuwa. Rana na faɗuwa masu abinci za su jera tebura su kunna fitilu, a gasa kifi da nama da wata halittar ruwa mai hannu takwas da suke kira pweza, samari suna tsalle daga kan katanga suna faɗawa ruwa, iyalai su fito da yaransu shan iska bayan magariba. Lokacin ne garin yake komawa hannun masu shi. Fasinjan jirgi kuwa a daidai lokacin an ɗaga anga, daga saman bene zai hango fitilun suna ƙanƙancewa, in iska ta kaɗo ta wajensa ya ɗan jiyo kiran salla.

A nan za mu dakata, 'yan uwa. Wadda ta ɗora tukunya ta je ta duba. Sai Allah Ya kai mu mako mai zuwa, a huta lafiya.